Duniyar Kwamfuta: Ɗan rubutun da ya buɗe mini maimaicin wasa a Linux

  

Yau zan fara da tona wa kaina asiri. Makonni uku da suka wuce wani abokin ɗakina a makaranta ya lallasa ni a wasan kwamfuta har sau biyu a jere, a gaban 'yan ɗakinmu da na maƙwabta. Wasan shi ne Warcraft III, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2002, ya kuma yi masa ƙari mai suna The Frozen Throne a 2003. Wasan ya girme ni, amma yana tafiya lafiya lau a kan tsoffin kwamfutoci irin namu, shi ya sa har yau muke buga shi ranar Juma'a da daddare idan akwai wuta. Ana haƙar zinare, a sari itace, a gina gari, a tara mayaƙa, sannan a far wa abokin karawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban ma san ta inda aka ci ni ba. Muka sa ranar ramuwa. Shi kuwa don ya ƙara ƙular da ni sai ya zuba mini fayil ɗin maimaicin wasan a filashi, ya ce in je in yi bita. Na saka filashin a laftof ɗina, na danna fayil ɗin sau biyu. Kwamfuta ta ce ba ta san da me za ta buɗe shi ba.

Dalili kuwa shi ne laftof ɗina Linux ne a kanta, wasan kuma don Windows aka yi shi. Shi wasan yana tashi a wurina ta hanyar wata manhaja mai suna Wine, amma fayil ɗin maimaici bai san hanyar da zai bi ya isa gare shi ba. Wani ya ba ni shawarar in goge Linux ɗin kawai in huta. Da na bi shawararsa da na rushe duk abin da na jera don aikin kwas ɗinmu na wannan zango, saboda wasa. Abin da ya fitar da ni ɗan rubutu ne da bai cika rabin shafi ba, kuma shi zan koya muku yau.

Mene ne a cikin fayil ɗin maimaici?

Yawancinmu za mu ɗauka bidiyo ne. Ni ma haka na zata, sai da na lura cewa wasan da muka kwashe kusan rabin awa muna yi, fayil ɗinsa bai kai megabayit ɗaya ba. Bidiyon rabin awa ba zai taɓa shiga wannan ɗan wuri ba.

Abin da ke ciki jerin umarni ne. A daƙiƙa kaza ɗan wasa na ɗaya ya tura ma'aikata biyar haƙar zinare, a daƙiƙa kaza na biyu ya sa a gina bariki, haka har ƙarshe. Idan aka buɗe fayil ɗin, wasan ne da kansa yake sake aiwatar da umarnin ɗaya bayan ɗaya, sai komai ya sake faruwa yadda ya faru da fari. Masu buga dara za su gane wannan da wuri: in aka rubuta kowane motsi da kowa ya yi, ana iya maimaita wasan gobe a wani gari ba tare da an ɗauki hoto ko ɗaya ba, muddin dokokin ba su canza ba.

Shi ya sa manhajar kallon bidiyo ba za ta buɗe shi ba. Dole sai wasan, kuma dole zubin wasan ya zama iri ɗaya da wanda aka buga da shi, taswirar ma ta kasance tana cikin kwamfutar. A Warcraft III sunan irin wannan fayil yana ƙarewa da .w3g, kuma wasan yana ajiye karawar ƙarshe da kansa da sunan LastReplay.w3g.

Wine: tafinta tsakanin gidaje biyu

Kafin wani ya kai ƙarata gida, sunan ba shi da alaƙa da giya. Gajarce jimlar Turanci ce da ke nufin Wine ba ya kwaikwayon wata kwamfuta. An fara aikinsa a 1993, shekara biyu bayan Linus Torvalds ya fitar da Linux a ƙasar Finland, kuma sai a 2008 aka fitar da zubi na 1.0. Wato shekara 15 ana gini. Alexandre Julliard ne ya jagoranci aikin tun 1994, kuma kyauta ake ba da shi.

Ga yadda yake aiki. Duk manhajar Windows ba ta yin komai ita kaɗai. In tana son buɗe fayil, ko zana taga, ko jin maɓallin da aka danna, sai ta roƙi Windows ta yi mata, ta hanyar wasu fayiloli irin su kernel32.dll da user32.dll. Masu Wine sun zauna sun rubuta nasu fayilolin masu waɗannan sunaye. Manhaja za ta yi roƙonta yadda ta saba, Wine ya karɓa ya juya shi zuwa harshen da Linux ke ji, ya dawo mata da amsa. Aikin tafinta ke nan. Kamfanin Valve ma a kan Wine ya gina Proton da ya fitar a 2018, wanda shi ne ke sa dubban wasannin Windows tafiya a kan na'urarsu ta Steam Deck.

Amma akwai wurin da tafinta ba zai taimake ku ba sai kun nema, wato wajen adireshi. Linux da Windows ba sa rubuta adireshin fayil iri ɗaya. A Linux fayil ɗina yana nan:

/home/dalibi/wasanni/gasa.w3g

Shi kuwa wasan, da yake a zatonsa a cikin Windows yake zaune, adireshi mai harafin faifai da sanda mai jingina baya ya sani. Wine yana nuna masa dukkan faifan Linux a matsayin Z, saboda haka wannan fayil ɗin a idon wasan sunansa:

Z:\home\dalibi\wasanni\gasa.w3g

Gida ɗaya ne, kwatance biyu. Aikinmu shi ne mu karɓi na farko mu miƙa wa wasan na biyu.

Rubutun kansa

A Linux akwai tagar da ake buga umarni, wadda ake kira taminal. Manhajar da ke zaune a bayanta tana karanta abin da kuka buga ita ake kira shel, kuma wadda aka fi samu ita ce Bash, da Brian Fox ya rubuta aka fitar a 1989. Duk abin da kuke iya bugawa da hannu a taminal, kuna iya jera shi a fayil ɗaya ku ce wa Bash ta bi daga sama zuwa ƙasa. Wannan fayil shi ne sikirif. Ku lura, ɗan'uwan fayil ɗin maimaici ne: shi ma jerin umarni ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya.

Ku buɗe manhajar rubutu ta Linux, ku kwafi wannan, ku ajiye shi da sunan bude-wasa.sh:

```
#!/bin/bash
JAKA="$HOME/.wine/drive_c/Program Files/Warcraft III"

if [ ! -f "$1" ]; then
    echo "Ban ga wannan fayil ba: $1"
    exit 1
fi

CIKAKKE="$(realpath "$1")"
ADIRESHI="$(winepath -w "$CIKAKKE")"

cd "$JAKA" || exit 1
wine war3.exe -loadfile "$ADIRESHI"
```

Kada yawan alamomin ya firgita ku. Mu bi shi a hankali.

Layin farko yana shaida wa Linux cewa Bash ce za ta karanta wannan fayil. Dole ya zama shi ne a sama, babu ko layin banza kafinsa.

Layi na biyu ya buɗe ma'aji mai suna JAKA ya zuba adireshin inda wasan yake. Wine yana ajiye abin da manhajojin Windows ke gani a matsayin faifan C a cikin wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .wine a gidanku. Ku duba naku da kyau, domin a wasu kwamfutocin sunan jakar Program Files yana da ƙarin (x86) a ƙarshensa. Ni na zaɓi sunan JAKA, ku ma kuna iya sa wanda kuke so, sai dai Bash ba ta karɓar haruffanmu masu lanƙwasa a sunan ma'aji. KOFA zai yi, ƘOFA ba zai yi ba.

Sai $1. Wannan yana nufin abu na farko da aka miƙa wa sikirif lokacin da aka kira shi, a nan sunan fayil ɗin maimaici. Layukan da suka fara da if suka ƙare da fi tambaya ce: akwai fayil mai wannan suna? In babu, a faɗa wa mutum da Hausa, a tsaya nan.

Umarnin realpath yana cike adireshi. In kun ce gasa.w3g kawai, zai mayar da shi cikakke tun daga /home. Sai winepath da -w ya juya shi zuwa irin na Windows mai Z a gaba. Alamar dala da baka biyu da ta kewaye su ma'anarta: aiwatar da abin da ke ciki, ka ba ni amsarsa in zuba a ma'aji.

Umarnin cd yana shiga jakar wasan, domin tsoffin wasanni da yawa suna neman kayansu ne a inda aka tsaya aka kira su. Layin ƙarshe ya ce wa Wine ya tayar da war3.exe, kuma -loadfile kalma ce da wasan ya sani, mai nufin kada ka tsaya a allon farko, wuce kai tsaye ka buɗe wannan fayil.

Saura abu ɗaya. Linux ba ya barin fayil ya yi aiki sai an ba shi izini. A taminal ku buga:

chmod +x bude-wasa.sh

Sannan ku gwada:

./bude-wasa.sh gasa.w3g

Ramukan da na faɗa

Wanda kuka gani a sama shi ne na huɗu da na rubuta. Ukun farko duk sun ƙi, kuma daga gare su na fi ƙaruwa.

Na farko, na sa cd a sama kafin in cike adireshin. Sai sikirif ya bar jakar da nake ya koma jakar wasan, ya shiga neman gasa.w3g a can, inda babu shi. Kamar a aiki yaro ya ɗauko tulu a tsakar gida ne, amma a fara kai shi kasuwa sannan a faɗa masa saƙon. Tsarin layuka yana da muhimmanci kamar abin da ke cikinsu.

Na biyu shi ya fi cinye mini lokaci. Abokin nawa ya sa wa fayil ɗin suna gasar juma'a.w3g. A wurin Bash, fili tsakanin kalmomi shi ne iyaka tsakanin abu da abu. Saboda haka sai ta ga abubuwa biyu, gasar daban, sauran daban, kuma babu fayil mai ɗaya daga cikin sunayen nan. Ƙari a kan haka, 'yar alamar da ke tsakiyar juma'a a wurin Bash buɗe zance ce. Da na buga sunan haka tsirara, sai taminal ta tsaya cak tana jiran in rufe zancen da ban san na buɗe ba. Mu Hausawa wannan ramin yana jiranmu fiye da wasu, domin kalmominmu irin su jami'a da sana'a da 'yan'uwa duk suna ɗauke da ita. Maganin shi ne a rufe sunan cikin alamar zancen wani mai ƙafa biyu:

./bude-wasa.sh "gasar juma'a.w3g"

Shi ya sa a cikin sikirif ɗin ma duk inda kuka ga alamar dala, za ku ga an rufe ta haka. Ku mayar da wannan al'ada. Kuma in jarida ko waya ta lanƙwasa alamar don ado, ku buga miƙaƙƙiya wadda ke kan kibod, don Bash ba ta san mai lanƙwasa ba.

Na uku ya faru ne da na gyara sikirif ɗin a kwamfutar wani mai Windows. Da na dawo da shi sai ya ƙi tashi, da wani saƙo mai ɗauke da ^M. Ashe Windows tana rufe kowane layi da ɓoyayyun alamomi biyu, Linux kuwa da ɗaya. Wannan ragowar ɗayar ta maƙale a jikin kalmar bash a layin farko, sai Linux ya tafi neman manhajar da babu ita. Ido ba ya ganin bambancin. Wata 'yar manhaja mai suna dos2unix tana share su, amma ya fi sauƙi ku rubuta sikirif ɗinku a Linux tun farko.

A duka ukun, kwamfuta ta yi daidai abin da na rubuta. Abin da nake nufi a zuciyata ba ruwanta da shi. Kuma a duka ukun ta faɗa mini inda matsalar take, ni ne na yi ta rufe saƙon cikin fushi ban karanta ba.

Me ya sa ake ta bincike kafin a yi aiki?

Wani zai ce ai layukan if da wancan exit 1 da ke bayan cd tsawaita zance ne. Ga abin da ya faru a watan Janairun 2015. A cikin sikirif ɗin da ke tayar da manhajar Steam a Linux akwai layin da ke goge duk abin da ke cikin wata jaka, kuma adireshin jakar yana cikin wani ma'aji. Wani mai amfani da ita ya matsar da jakarsa zuwa wani wuri, ma'ajin ya tashi babu komai a ciki, kuma babu layin da ya tsaya ya bincika. Sai umarnin gogewar ya fara daga tushen faifai baki ɗaya. Mutumin ya rasa fayilolinsa, har da waɗanda ke kan faifan ajiya da ya jona a lokacin. Ƙwararru ne suka rubuta wannan layi, kuma daga baya aka gyara.

Namu sikirif ɗin ba ya goge komai, amma hali tun daga ƙaramin aiki ake koyon sa. Sandunan nan biyu da ke bayan cd suna nufin: in shiga jakar bai yiwu ba, tsaya, kada ka ci gaba. Sannan duk sikirif ɗin da wani ya turo muku ko kuka gani a intanet, ku karanta shi kafin ku ba shi izini. In kun ga rm a ciki, ko sudo, kuma ba ku gane abin da layin yake yi ba, ku tambayi malamin kwamfutarku tukuna.

A sa shi cikin jerin manhajoji

Buɗe taminal kowane lokaci akwai gajiya. Ku rubuta wani ɗan fayil mai suna bude-wasa.desktop, ku ajiye shi a jakar .local/share/applications da ke gidanku:

```
[Desktop Entry]
Type=Application
Name=Bude Maimaici
Exec=/home/dalibi/bude-wasa.sh %f
```

Ku canza dalibi zuwa sunan da kuke shiga kwamfuta da shi, kuma ku rubuta adireshin cikakke, don wannan fayil bai san $HOME ba. Alamar %f tana nufin fayil ɗin da aka zaɓa, shi ne zai je ya zama $1. Daga nan in kun danna maɓallin dama na linzami a kan fayil ɗin maimaici kuka zaɓi buɗewa da wata manhaja, za ku ga Bude Maimaici a jerin.

Wanda wasansa daban ne, ko ma ba wasa ba ne, wata tsohuwar manhajar Windows ce ta karatu, tsarin bai canza ba. Ku sauya adireshin JAKA da sunan manhajar a layin ƙarshe. Da yawansu ba sa buƙatar wata kalma irin -loadfile, adireshin kawai za ku miƙa musu. Roƙona dai shi ne ku yi amfani da manhajar da aka mallaka ta halal. Nawa wasan faifan yayana ne da ya saya tun ina firamare. Waɗanda ake saukewa daga shafukan sata sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, kuma Wine ba riga-kafi ba ne, tunda kun ga ta faifan Z manhaja tana iya kaiwa ga fayilolinku.

To me na gani a maimaicin? Tun wajen minti na shida abokin nawa ya buɗe ramin zinare na biyu a bayan wani daji, ni kuwa ban tura ko mutum ɗaya leƙen asiri ba. Ina zaune da zinare jibge ban kashe ba, ina ta ƙawata gari. Ranar ramuwa na ci ɗaya ya ci biyu. Har yanzu yana gabana, amma yanzu na san dalili.

Aikin gida: ko ba ku da wasan, ku rubuta sikirif da zai karɓi sunan fayil, ya faɗa muku da Hausa ko akwai shi ko babu. Ku gwada shi da suna mai fili a tsakiya, sannan ku cire alamar zancen wani ku ga abin da zai faru. Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya nemi izinin malami a ɗakin kwamfuta na makaranta, ko ya rubuta a takarda ya bi layukan da yatsa kamar shi ne Bash. Masu jarrabawa a gaba kuwa, ku ajiye wasan sai an gama, ba inda zai je.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ga yadda ake gabatar wa Linux sabon nau'in fayil, yadda danna sau biyu kawai zai wadatar. Na bar ku lafiya.